Majami'ar Ben Ezra Ta Alƙahira: Ɗakin Jibge Takardu Da Ya Adana Tarihin Shekara Dubu

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin na wannan mako saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma waɗanda dama karatun suka fi so.

Yau Masar za mu nufa, tsohon gefen birnin Alƙahira. Idan mutum ya hau jirgin ƙasa na cikin gari ya sauka a tashar Mar Girgis, zai tarar da unguwar da Misirawa ke kira Mujamma'ul Adyan, wato matattarar addinai. Da ɗan tattaki kaɗan zai isa masallacin Amru bin Asi, masallaci na farko da aka gina a Masar. Ga cocin Kibɗawa da ake kira Mu'allaƙa, ga cocin Abu Sirja. Sannan can a ƙarshen wani siririn lungu akwai wani gini da bai kai su girma ba. Shi ne majami'ar Ben Ezra, tsohon wurin ibadar Yahudawan garin.

A yau ba a ibada a ciki. Masu yawon buɗe ido ne ke shiga, su zaga, su fita. To amma a saman benen ginin nan akwai wani ɗaki marar taga, wanda aka shafe sama da shekara 800 ana jefa tsofaffin takardu a cikinsa. Takardun nan su ne suka sa masana tarihi a yau suka san rayuwar talakan Alƙahira na ƙarni na 11 da na 12 fiye da yadda suka san ta mutanen mafi yawan garuruwan duniya na wancan zamani. Labarin ginin da na ɗakin za mu kawo muku.

Tun kafin a yi Alƙahira

Bari mu fara da garin. Lokacin da rundunar Musulmi ƙarƙashin Amru bin Asi ta ci Masar a wajen shekarar 641, sai ta kafa sansani kusa da wata tsohuwar ganuwar Rumawa a bakin kogin Nilu. Sansanin nan ya zama gari, aka kira shi Fusɗaɗ. Alƙahira da muka sani ba ta zo ba sai a shekarar 969, lokacin da daular Faɗimiyya ta gina sabon birnin sarauta a arewa da Fusɗaɗ. Sarakuna da sojoji suka koma can, amma kasuwa da sana'a da jiragen ruwa suka ci gaba da zama a Fusɗaɗ. A nan 'yan kasuwa suke, Musulmi da Kirista da Yahudawa.

Yahudawa dai sun daɗe a Masar tun ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Musulunci. Game da asalin wannan majami'a kuwa, akwai labarai biyu da masu zagayawa da baƙi ke son bayarwa. Na farko, wai a daidai wurin ne iyalan Fir'auna suka tsinci Annabi Musa (AS) yana jariri a bakin kogi. Na biyu, wai asalinta coci ce, shugaban Kibɗawa ya sayar wa Yahudawa a shekarar 882 don ya biya kuɗin da gwamna Ahmad bin Ɗulun ya ɗora masa. Na farkon labarin baka ne na mutanen unguwa, na biyun kuma masana da yawa suna ganin wata majami'ar daban ake nufi.

Abin da takardu suka tabbatar shi ne, a zamanin Faɗimiyya ana kiran ta Kanisatush Shamiyyin, wato majami'ar mutanen Sham. Yahudawan garin ba tsintsiya ɗaya ba ne. Akwai masu bin malaman Ƙudus, su ne masu wannan wuri. Akwai masu bin malaman Bagadaza, su kuma da tasu majami'ar ta Iraƙawa. Akwai kuma Ƙarra'awa, waɗanda suka ce Attaura da sauran littattafan annabawa kawai suka yarda da su, ban da ruwayoyin malamai. Suna gardama da juna, suna kai ƙarar juna gaban hukuma, kuma duk da haka suna auratayya. Sunan Ben Ezra daga baya ya zo. Wasu suna danganta shi da Uzairu, wasu da wani malamin Andalus mai suna Ibrahim bin Ezra.

Ginin farko bai tsira ba. Halifan Faɗimiyya Al-Hakim bi Amrillah, wanda tarihi ya sani da hukunce-hukunce masu ɗaure kai, ya ba da umarnin rusa coci-coci da majami'u. Shi ne ya sa aka rusa babbar cocin Ƙudus a 1009, kuma bayan 'yan shekaru guguwar ta iso majami'ar Fusɗaɗ. Bayan mutuwarsa aka sassauta, jama'ar suka haɗa kuɗi suka sake gini, aka kammala a wajen 1040. A wannan sabon gini ne aka keɓe ɗakin da muke magana a kai.

Mene ne geniza?

A nan abin zai yi mana sauƙin ganewa. Musulmi idan ya ga takarda mai sunan Allah a ƙasa, ba ya tsallake ta, ɗaukewa yake ya soke a jikin katanga ko ya ƙona ta a wuri mai tsarki. Su ma Yahudawa suna da irin wannan girmamawa, sai dai su a wajensu ba a ƙonawa kuma ba a yagawa. Littafin addini idan ya tsufa, sai a ajiye shi a wata ma'ajiya da suke kira geniza, bayan wani lokaci a kwashe a kai maƙabarta a binne kamar yadda ake binne mutum.

Mutanen Fusɗaɗ sun bambanta da sauran ta hanya biyu. Na ɗaya, ba littafin addini kaɗai suke jefawa ba. Kusan duk abin da aka rubuta da haruffan Ibrananci sai ya tafi can, domin ko wasiƙar kasuwanci ce da wuya a rasa ambaton Allah a cikinta. Na biyu, ba su riƙa kwashe ɗakin gaba ɗaya ba. Wata kafa ce a jikin bango ta ɓangaren da mata ke zama a sama, a sa tsani a hau, a jefa takarda, shi ke nan. Ƙarni bayan ƙarni. Ga Masar ƙasa ce busasshiya, babu danshin da zai ruɓar da takarda. Ku lura fa, ba wanda ya yi niyyar adana tarihi. Kawar da takardun suke yi daga ƙazanta, ba su taɓa tunanin wani zai zo ya karanta ba.

Shi ya sa abin da ke ciki ya bambanta da littattafan tarihi na fada. Marubucin fada sarki yake rubuta wa, yaƙi da sarauta yake lissafawa. A nan kuwa akwai takardar aure da ta saki, da lissafin kayan ɗakin amarya, da takardar magani daga likita, da laya, da takardun da yara ke koyon haruffa har da zanen wasa a gefe, da jerin sunayen talakawan da ake raba wa burodi, da wasiƙar uwa tana yi wa ɗanta ƙorafin ya daina rubuto mata. A takardun aure da yawa an sa sharaɗin cewa miji ba zai ƙara aure ba sai da yardar matar.

Kuma ga abin da zai ba wasu mamaki: yawancin wasiƙun nan Larabci ne. Larabci suke yi a gida da kasuwa, amma da haruffan Ibrananci suke rubuta shi, kamar dai yadda kakanninmu suka rubuta Hausa da haruffan Larabci muka kira shi ajami. An samu har da guntayen Alƙur'ani a ciki. An kuma samu takardun gwamnatin Faɗimiyya, irin su umarnin fada da koke-koken jama'a, waɗanda aka yar, wani ya samu ya yi rubutu a bayansu saboda takarda na da tsada. Ma'ajiyar takardun daular kanta ta ɓace, amma ɓurɓushinta ya tsira a majami'ar Yahudawa.

Mutanen da suka fito daga cikin takardun

Bari mu ɗauko mutum uku ko huɗu, don ku ji irin abin da ake nufi.

Akwai wata mata da ta rayu a ƙarshen ƙarni na 11, ana kiran ta Wuhsha ad-Dallala. Kun ji kalmar ko? Dillaliya ke nan. Mijinta da ita sun rabu, ta shiga kasuwanci, tana ba da rance, tana zuba jari har a fataucin Indiya. Ta haifi ɗa da wani mutumin Askalan ba tare da an san aurensu ba, har shugaban majami'ar Iraƙawa ya kore ta daga wurin ibada a ranar azuminsu mafi girma. An samu wasiyyarta. Dukiyarta ta kusa dinari 700, a zamanin da dinari 2 ke riƙe ƙaramin iyali wata guda. Ta ware kuɗin malamin da zai koyar da ɗanta karatu da addu'o'i, ta ware na man fitilar majami'u, ta ware na talakawa. Shi kuwa uban yaron, ta ce kada a ba shi ko sisi, bashin da take bin sa da ta yafe ya ishe shi. Ba wani littafin tarihi da ya ambaci matar nan. Ba don ɗakin ba, da ko sunanta ba a sani ba.

Sai Musa bin Maimun, wanda Turawa ke kira Maimonides, babban malamin Yahudawa na wancan zamani. A Ƙurɗuba ta Andalus aka haife shi, iyalinsa suka yi hijira bayan Muwahhidun sun karɓi mulki sun matsa wa waɗanda ba Musulmi ba, daga ƙarshe ya zauna a Fusɗaɗ a wajen 1166. Ya zama likitan Alƙali Al-Fadil, wazirin Salahuddin Al-Ayyubi. Shahararren littafinsa Dalalatul Ha'irin da Larabci ya rubuta shi. A Fusɗaɗ ya rasu a 1204. An samu rubutunsa na hannunsa a ɗakin, har da inda ya soke kalma ya gyara.

An kuma samu wasiƙar ƙarshe ta ƙaninsa Dawud, wanda shi ne ɗan kasuwan gidan, shi ke ɗaukar nauyin yayan don ya samu sukunin karatu. Daga Aizab ya rubuto, wata tasha a gaɓar Bahar Maliya wajen iyakar Masar da Sudan ta yau. Ya ce bai samu hajar kirki a can ba, don haka zai wuce Indiya, kada yaya ya damu. Jirgin ya nutse a teku da shi da dukiyar gidan. Musa ya faɗa a wata wasiƙar cewa kusan shekara guda ya yi a kwance saboda baƙin ciki.

Sai Ibrahim bin Yiju, mutumin Mahdiyya ta Tunisiya, wanda ya zauna a Mangalor ta Indiya daga 1132 zuwa 1149. Yana da masana'antar tagulla, yana aika barkono da ƙarfe zuwa Adan. Abokan cinikinsa akwai Musulmi, akwai Hindu. Ya 'yanta wata baiwa mai suna Ashu ya zauna da ita suka haihu. Wannan fa sama da shekara 300 ke nan kafin jirgin Turawan Fotugal na farko ya isa Indiya.

Akwai wata tambaya da aka taɓa kawo wa Musa bin Maimun wadda ta nuna yadda zaman yake. Wasu masu sana'a ne, Yahudawa da Musulmi, suka haɗa shago ɗaya da kayan aiki ɗaya. Suka shirya cewa cinikin Juma'a na Yahudawan ne, na Asabar kuma na Musulmin, tunda kowa da ranar ibadarsa. Shin ya halatta? Ya ce ya halatta.

Mu ma nan yankin ba mu yi nisa da garin ba. Malamin tarihi Al-Maƙrizi ya kawo cewa a tsakiyar ƙarni na 13 mutanen Kanem suka ba da kuɗi aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Fusɗaɗ, inda ɗalibai da mahajjatansu ke sauka. Ke nan mutanen tafkin Chadi sun taka titunan garin a lokacin da ake ta jefa takardu a ɗakin nan.

Sai dai kada wani ya ɗauka zaman aljanna aka yi. Takardun sun nuna ɗaya ɓangaren ma. Akwai tarin wasiƙun talakawa suna roƙon a taimaka musu da kuɗin jiziya, wasu sun ɓuya a gida, wasu an tsare su saboda sun kasa biya. Mai kuɗi bai ji nauyinta ba, amma ta gallabi talaka. Rusau ɗin Al-Hakim ma ya faru. Wanda ya ce Musulmi da Yahudawa tun fil azal a bakin takobi suke, takardun sun ƙaryata shi. Wanda ya ce ba a taɓa samun ƙunci ba, shi ma sun ƙaryata shi.

Yadda takardun suka bar Masar

A 1168 waziri Shawar ya sa aka cinna wa Fusɗaɗ wuta don kada ta faɗa hannun mayaƙan Salibiyya. Majami'ar ta tsira, garin ya ɗan farfaɗo, amma sannu a hankali harka ta koma Alƙahira. Masu hali suka tashi, unguwar ta zama ta talakawa, ginin ya riƙa lalacewa. Duk da haka ba a daina jefa takardu ba har ƙarni na 19. Wani matafiyi mai suna Yakubu Safir da ya leƙa ɗakin a 1864 ya ce masu kula da wurin sun tsorata shi da cewa maciji ne ke gadinsa.

Tsakanin 1889 da 1892 aka rushe tsohon ginin aka sake shi, wanda ake gani yau ke nan. A lokacin aikin takardu suka fito fili, dillalan kayan tarihi suka fara sayar wa Turawa. A 1896 wasu tagwayen mata 'yan Sikotland, Agnes Lewis da Margaret Gibson, masu ilimin harsunan gabas, suka sayi wasu suka koma da su garin Kambirij a Ingila. Suka nuna wa wani malamin jami'ar, Bayahude mai suna Solomon Schechter. Da ya duba wata 'yar takarda, sai ya gane shafi ne na littafin hikima na Ben Sira da asalin Ibranancinsa, wanda aka yi kusan shekara dubu ba a gani ba sai a fassara.

Kafin ƙarshen shekarar ya kama hanyar Alƙahira, da kuɗin abokinsa Charles Taylor, a can kuma ya samu goyon bayan Lord Cromer, Baturen da ke juya Masar a lokacin. Babban malamin Yahudawan Alƙahira da shugabannin al'umma suka ba shi izini ya ɗebi abin da yake so. Ya yi makonni a cikin ƙura yana cusa takardu a buhu, har abin ya taɓa lafiyarsa. A 1898 aka miƙa su ga ɗakin karatu na jami'ar Kambirij: guntaye kusan 193,000. Idan aka haɗa da waɗanda suka watsu a wasu ɗakunan karatu a Ingila da Amurka da Rasha da Faransa da sauransu, jimillar ta kai kimanin 400,000.

To a nan ne gardama take. Masu kare Schechter suna cewa masu abu ne suka ba shi, kuma da bai kwashe ba, da dillalai sun yi watandar su sun salwanta. Masu suka kuma suna cewa tun 1882 Masar take ƙarƙashin sojan Ingila, kuma wanda ya shigo da goyon bayan mai mulki, da wuya a ce masa a'a. Kowanne yana da abin kamawa. Abin da ba a jayayya a kai shi ne, ɗan Masar da ke son ya taɓa waɗannan takardu na tarihin garinsu, yau sai ya nemi biza.

Masanan farko littattafan addini suka fi bi, wasiƙu da rasit suka bar su a akwati. Sai da S. D. Goitein, masani haifaffen Jamus, ya zo ya ba da sauran rayuwarsa ga waɗannan da aka raina. Ya fitar da littafi mai juzu'i biyar kan al'ummar Bahar Rum, na farko a 1967, na ƙarshe a 1988, bayan rasuwarsa da shekara uku. Daga aikinsa aka san farashin alkama da kuɗin hayar gida da ladan ma'aikaci a Masar ta wancan lokaci. Yanzu an ɗauki hoton mafi yawan takardun an sa a intanet, kuma har yau ba a gama karanta su ba.

Yadda majami'ar ta zama kango

A 1948 Yahudawan Masar sun kai tsakanin 75,000 da 80,000. Akwai attajirai masu manyan kantuna, akwai 'yan fim da mawaƙa, akwai talakawan Haratul Yahud da ba su san wani harshe ba sai Larabci. Kafa Isra'ila da korar Falasɗinawa da yaƙin da ya biyo baya suka canza komai. Aka kai hare-hare unguwannin Yahudawa a Alƙahira. A 1954 aka kama wasu matasan Yahudawan Masar da leƙen asirin sojan Isra'ila ya sa su dasa bama-bamai, abin da ya jawo wa sauran zargi. A 1956, bayan Ingila da Faransa da Isra'ila sun kai wa Masar hari kan mashigin Suwes, gwamnatin Jamal Abdul Nasir ta kori dubbai ta ƙwace dukiyoyi. A yaƙin 1967 aka tsare ɗaruruwan maza. Wasu suka tafi Isra'ila, wasu Faransa, wasu Amurka da Barazil.

A addininsu ba a sallar jam'i sai da maza baligai goma. Aka wayi gari babu goman. Al'ummar da ta tsallake rusau ɗin Al-Hakim da gobarar Shawar ta watse cikin shekara ashirin. Yau 'yan ƙalilan ne suka rage a Masar, yawancinsu tsofaffin mata.

Ginin kuwa an gyara shi bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 1979, aikin da wata masaniyar gine-gine 'yar Kanada, Phyllis Lambert, ta jagoranta aka gama a 1991. Gwamnatin Masar ta sake yi masa kwaskwarima, firaminista Mustafa Madbuli ya buɗe shi a ƙarshen watan Agustan 2023. Wanda ya shiga zai ga mumbarin marmara a tsakiya, da ma'ajiyar Attaura a bangon gabas, da ado a katako da rufi wanda da ka gani ka ce na masallaci ne. Ɗakin takardun yana nan a sama, babu komai a ciki.

Kafin mu rufe, ga abin da muke so kowa ya tafi da shi. Abin da ya fi daraja a Ben Ezra shi ne abin da masu shi suka ɗauka ba shi da amfani. A gidajenmu da yawa akwai gafaka ko tsohuwar adaka ta kaka, cike da wasiƙun ajami da takardun gona da na bashi da na rabon gado. Gara na ci, damina na jiƙawa, ranar da aka tashi gyaran gida kuma a cinna musu ashana. Wanda yake da irin wannan a gidansu, ya ciro waya ya ɗauki hoton kowane shafi, ya nemi dattijon da ya iya karantawa tun yana raye.

Ku gaya mana a ƙasa: a ganinku takardun nan su ci gaba da zama a Ingila, ko a mayar da su Masar? Sai mun ji daga gare ku. Mu haɗu a shiri na gaba idan Allah ya kai mu.